Shekaruna 42, ina so in fara gudun dogon zango: ta ina zan fara?

Malam, ka ce shekarunka 42, aikinka na zaman ofis ne, rabonka da motsa jiki na kirki tun zamanin da kake buga ƙwallo da ƙuruciya, kuma yanzu kana sha'awar gudun dogon zango domin lafiya da nishaɗi, har kana fatan wata rana ka shiga gasar kilomita 21. Ka ƙara da cewa ka taɓa farawa ka bari, domin da farko haki ne yake tsayar da kai kafin ka cika minti biyar, da ka daure hakin ya lafa kuma sai ƙwaurinka ya kama ciwo har hawa matakala ya zama aiki, ga shi abokai suna ta ja maka kunne cewa gudu a irin waɗannan shekaru gwiwa yake cinyewa. Aikina shi ne duba raunukan masu motsa jiki da tsara musu yadda za su koma fili, saboda haka ta wannan fuskar zan amsa maka.

Ba ka makara ba, kuma abin da ya same ka shi ne yake samun galibin manyan da suka fara gudu ba tare da tsari ba. Tushen matsalar ɗaya ne: sassan jikin mutum ba sa sabawa da gudu a lokaci guda. Zuciya da jini suna da saurin karɓar horo. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ruwan da ke cikin jini yana ƙaruwa, zuciya tana fara tura jini mai yawa a kowane bugu, sannan a makonnin da ke biye ƙananan hanyoyin jini suna yawaita a cikin tsoka, ita kuma tsokar tana ƙwarewa wajen amfani da iskar da ake kai mata. Shi ya sa bayan wata guda mutum yake jin numfashinsa ya buɗe. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, lamarinsu daban ne, domin jinin da ke isa gare su kaɗan ne, kuma watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwarin da ake buƙata. Na ƙashi ma ya fi ban mamaki, domin idan aka ɗora masa sabon nauyi, jiki yana fara kankare wuraren da suka gaji ne tukuna kafin ya cike gurbinsu da sabon ƙashi mai ƙarfi, kuma wannan aiki yana cin wata uku zuwa huɗu. Ke nan akwai wani ɗan tsakani da ƙashin yake da rauni fiye da yadda yake kafin a fara, kuma wannan tsakanin yakan faɗo daidai lokacin da numfashi ya buɗe, mutum yana jin zai iya ninka nisan da yake yi. Tamkar mota ce aka sa wa sabon inji alhali tayoyinta na da ne.

Ka dubi girman aikin da ƙafa take yi. Duk lokacin da ƙafar mai gudu ta dira ƙasa, ƙarfin da take ɗauka yana kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mutum mai kilo 85 ke nan yana sauke wa ƙafa ɗaya kusan kilo 200 ko fiye a kowane taku, kuma a minti ɗaya yakan yi taku kimanin 160, wato rabin awa na gudu taku ne kusan 5,000. Ƙafar da ta shekara 20 tana ƙarƙashin tebur ba za ta karɓi wannan a dare ɗaya ba. Ku da kuka yi wasanni da ƙuruciya kun fi kowa faɗawa wannan tarko, domin kun san yadda ake cije haƙori a daure, kuma ƙwaƙwalwarku tana tuna saurin da kuke da shi a wancan lokaci, alhali jijiyoyinku sun daɗe da rabuwa da shi.

Kafin a kai ga tsari, akwai maganar ganin likita, wadda ba kowa ta wajaba a kansa ba. Wanda ba shi da wata cuta da aka sani, kuma ba ya jin wata alama, yana iya fara tafiya da sassarfa mai sauƙi ba tare da dogon gwaji ba. Amma idan kana da ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko kuma wani daga cikin iyayenka ko 'yan'uwanka na jini ya gamu da toshewar jijiyar zuciya ko mutuwar fuju'a tun bai manyanta ba, to ka fara da likita. Haka nan idan kana jin nauyi ko matsi a ƙirji in ka hau matakala, ko zafin da ke tafiya zuwa hannu ko wuya ko muƙamuƙi, ko jiri da suma, ko zuciyarka tana bugawa a hargitse. Waɗannan alamu, in sun zo ana cikin gudu, tsayawa ake yi nan take a nemi asibiti, ba a cewa bari a ƙarasa zagayen. A shekarunka, ko ba ka jin komai, ka auna hawan jini da suga, domin hawan jini yakan daɗe a jiki shiru. Mai amfani da allurar insulin ko wasu magungunan suga yana buƙatar a nuna masa yadda zai kauce wa faɗuwar suga a lokacin gudu, kuma wasu magungunan hawan jini suna rage saurin bugun zuciya, abin da ke sa lissafin bugun zuciya na agogon hannu ya zama marar amfani ga mai shan su.

Haɗarin yana nan, amma ƙarami ne ƙwarai. Wani bincike da aka buga a 2012 ya duba gasannin kilomita 42 da na kilomita 21 a Amurka daga 2000 zuwa 2010, inda aka samu mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya a cikin masu gudu miliyan 10.9. A ɗaya ɓangaren kuma, binciken da aka buga a 2014, wanda ya bi diddigin manya sama da 55,000 na kimanin shekara 15, ya gano cewa haɗarin mutuwa a wannan tsawon lokaci ya yi ƙasa da kashi 30 cikin 100 ga masu gudu idan aka kwatanta da waɗanda ba sa yi, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma ya yi ƙasa da kashi 45. Abin da ya fi dacewa da kai a wannan binciken shi ne, hatta masu gudun minti biyar zuwa goma a rana, a hankali, sun samu wannan amfani. Duk da haka gudu ba ya goge abin da mutum ya gada. Jim Fixx, wanda ya yi fice wajen yaɗa gudun motsa jiki a Amurka a shekarun 1970, ya faɗi ya mutu yana gudu a 1984 yana da shekara 52, aka tarar jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, kuma mahaifinsa ciwon zuciya ne ya kashe shi yana da shekara 43. Shi ya sa na nanata tarihin iyali.

Hakin da yake tsayar da kai kafin minti biyar kuwa, dalilinsa kusan kullum shi ne gudun ya yi sauri. Babba idan ya tashi yin gudu yakan ɗauki saurin da yake ganin ya dace da mutuncinsa a idon masu kallo, kuma wannan saurin ya wuce abin da zuciyarsa za ta iya ciyarwa da iska. Ma'aunin da ya fi kowane agogo shi ne magana. Idan kana gudu kuma kana iya furta cikakkiyar jimla, kamar ka faɗi sunanka da inda za ka da abin da za ka yi in ka dawo, ba tare da ka yanke ta don jan numfashi ba, to saurin ya yi daidai. Idan kalma biyu-biyu kake iya fitarwa, ka rage. Ga mai farawa wannan saurin yakan zama sassarfar da kaɗan ta fi tafiya da sauri, har wani lokaci mai tafiya da ƙafa ya wuce shi, kuma babu laifi a hakan. Akwai lissafin da ake yawan ambata, cewa a cire shekarun mutum daga 220 a samu iyakar bugun zuciyarsa, wanda a wajenka zai ba da 178 a minti ɗaya. Ƙiyasi ne kawai, yana iya kuskurewa da bugu goma ko fiye ta kowane ɓangare, saboda haka kada ka bari lamba a agogo ta rinjayi abin da numfashinka yake gaya maka. Masanin motsa jiki Stephen Seiler, wanda ya nazarci yadda manyan 'yan wasan dogon zango suke atisaye, ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne. Idan zakaru suna yin mafi yawan gudunsu cikin natsuwa, mai farawa ba shi da hujjar fita kullum yana neman ransa.

Hanyar da nake ɗora kowane babba a kai ita ce haɗa gudu da tafiya. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, shi ne ya fi kowa yaɗa ta, kuma akwai masu kammala kilomita 42 da ita har yau. Fitaccen tsarin masu farawa shi ne Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita biyar, wanda Josh Clark ya tsara a 1996, hukumar lafiya ta Birtaniya kuma ta rungume shi daga baya. Mako tara ne, ana fita sau uku a mako da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani. A makon farko ana ɗumama jiki da tafiyar minti biyar, sannan a yi sassarfa ta daƙiƙa 60, a yi tafiya ta daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako gudun yana ƙaruwa tafiyar tana raguwa, har a mako na tara mutum ya yi minti 30 bai tsaya ba. Tsari ne mai kyau, sai dai ina da gyara biyu a kansa. Mako tara ba wa'adi ba ne, kuma mai shekara 40 da ɗoriya wanda ya ɗan yi jiki ya fi dacewa ya maimaita duk makon da ya yi masa wuya, ko da tsarin zai kai shi wata uku ko huɗu, musamman a mako na biyar, inda ake tsallakawa zuwa gudun minti 20 a jere. Sannan masu farawa da yawa ba sa cika kilomita biyar a minti 30 ɗin nan, kuma wannan ba gazawa ba ce, domin a watannin farko da minti ake lissafi, nisa yana zuwa daga baya. Idan ma tafiyar rabin awa da sauri tana gajiyar da kai yanzu, ka yi mako uku kana tafiya kawai kafin ka saka gudu.

Ranakun hutu su ne masu farawa suka fi rainawa, alhali a cikinsu jiki yake yin ginin da gudun ya nema. Wanda ya ji daɗin mako na huɗu ya ce bari ya riƙa fita kullum, shi ne yawanci yake zuwa wurina a mako na bakwai yana ɗingishi. Za ka kuma ji ana cewa kada a ƙara fiye da kashi goma cikin 100 a mako. Shawara ce mai hana zarmewa, amma ba garkuwa ba ce: a wani gwaji da aka yi a Groningen ta ƙasar Holan aka buga a 2008, an raba sababbin masu gudu gida biyu, ɗaya ya bi wannan ƙa'ida ɗaya bai bi ba, kuma a kowane gida kimanin mutum ɗaya cikin biyar ya ji rauni. Abin da na fi dogara da shi shi ne kada a ƙara abu biyu a tare. Makon da ka ƙara tsawon lokaci, kada ka ƙara sauri, kada kuma ka shiga hawa da gangara. Bayan kowane mako uku na ƙari, ka yi mako ɗaya da ka rage kusan kashi ɗaya cikin uku, ko da kana jin ƙarfi.

Maganar gwiwa da abokanka suke yi ba ta da goyon bayan bincike. A 2017 an tattara nazarce-nazarce masu yawa a kan amosanin gwiwa da na ƙugu, aka samu cutar a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun nishaɗi, kashi 10.2 na waɗanda ba sa gudu, da kashi 13.3 na masu gudun gasa da suka shekara suna zuba nisa mai yawa. Wannan ba ya tabbatar da cewa gudu ne ya kare gwiwoyin rukunin farko, domin mai ciwon gwiwa tun asali ba ya cika zama mai gudu, amma ya isa ya nuna cewa gudu matsakaici ba ya cinye gwiwa mai lafiya. Guringuntsi abu ne mai rai wanda ba shi da hanyoyin jini, yana samun abincinsa ne daga ruwan gaɓa idan ana matsa shi ana saki, saboda haka motsi alheri ne gare shi. Abubuwan da aka tabbatar suna jawo amosanin gwiwa su ne ƙiba, da tsohon rauni mai tsanani kamar tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, da gado, da shekaru. Idan ka taɓa samun irin wannan rauni a zamanin ƙwallo, ko gwiwarka tana kumbura ko tana ƙagewa, a duba ta kafin ka fara. Ciwon da masu gudu suka fi samu a gwiwa kuwa na kewayen ƙoƙon gwiwa ne, wanda ake ji a saukowa matakala ko bayan dogon zama, kuma yawanci rage nisa da ƙarfafa cinya da ƙugu suna maganinsa.

Dole ka koyi bambanta ciwo da ciwo. Tsamin jiki da yake zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan gudu, a cikin tsoka, a ƙafafu biyu, kuma yana sakin mutum idan ya motsa, wannan na sabo ne, zai wuce. Wanda ake tsoro shi ne ciwo a wuri ɗaya, a ƙafa ɗaya, wanda yake ƙaruwa ana cikin gudu, ko yake canza yadda kake taka ƙasa, ko ka wayi gari yana nan ya fi na jiya. Game da ƙwaurinka, ka zauna ka bi gefen ƙashin na ciki da yatsa daga idon sawu zuwa sama, kana dannawa a hankali. Idan zafin ya bazu a tsawon da ya kai faɗin yatsu uku ko huɗu ko fiye, galibi gajiyar ƙashin ce da naman da ke manne da shi, kuma hutun mako biyu zuwa huɗu daga gudu, tare da keke ko iyo a madadinsa, yakan wadatar. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, kuma in ka yi tsalle a kan wannan ƙafar kaɗai sai ka ji ya soke ka, ko yana damunka da dare kana kwance, to ana zargin ƙashin ya fara tsagewa. Wannan na asibiti ne, kuma ka sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito lafiya lau a makonni biyu zuwa uku na farko ko da tsagewar tana nan, saboda haka hoto mai kyau bai zama izinin komawa gudu ba. Sharaɗin komawarka shi ne ka iya tafiyar rabin awa da sauri, ka kuma yi tsalle goma a kan ƙafar, ba tare da ciwo ba a ranar ko washegari, sannan ka faro daga makon farko. Zafin diddige a takun farko da safe, ko sandarewar agara idan ka tashi daga barci, su ma saƙo ne cewa nauyin ya yi yawa. Kuma kada ka sha maganin kashe zafi irin su ibuprofen ko diclofenac don ka samu damar fita gudu, domin suna ɓoye gargaɗin da kake buƙatar ji, suna kuma iya taɓa ƙoda idan jiki ya rasa ruwa.

Abin da ya fi kare babba daga waɗannan raunuka shi ne ƙarfafa tsoka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a yi aƙalla kwana biyu a mako, ban da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Minti 20 a gida ya isa. Ka tsaya a bakin matakala da gaban ƙafarka, diddige yana lilo a waje, ka yi ɗage har iyaka, sannan ka sauke diddigen a hankali kana ƙirga uku har ya wuce bakin matakalar. Ka yi sau 12 zuwa 15, ka huta, ka maimaita sau biyu, kuma idan ya yi sauƙi ka koma yi da ƙafa ɗaya. Sharaɓa da agara su ne suke ɗaukar kaso mafi girma na aikin gudu, kuma su ne suke fara raunana da shekaru. Ka haɗa da tashi daga kujera da komawa a hankali ba tare da dafa komai ba, da kwanciya rigingine ka lanƙwasa gwiwoyi ka ɗaga ƙugu sama. Miƙe jijiyoyi a tsaye kafin gudu, wanda aka koya mana duka a filin makaranta, bincike bai nuna yana hana rauni ba. Tafiyar minti biyar da sauri ta fi shi amfani a matsayin ɗumama jiki.

Takalmi ba ya buƙatar dogon bayani. Ka sayi na gudu wanda ya yi maka daɗi tun a gwajin farko, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Yawanci yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin taushinsa ya mutu. Takalman gasa masu tsada da zakaru suke sawa ba su da abin da za su ƙara wa mai farawa. Yadda kake taka ƙasa ya fi muhimmanci: ka gajarta taku, ƙafarka ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinka maimakon ka miƙa ta can gaba da gwiwa a sandare. Ka saurari ƙarar takunka, in kana jin tim-tim ka ƙara yawan taku kaɗan ka rage faɗinsa har ƙarar ta yi laushi. A gefen titi kuma ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka sa tufafi masu haske idan gari bai waye ba.

Zafin rana yana ƙara wa zuciya aiki, domin jinin da tsoka take nema shi ne fata ma take nema don sanyaya jiki. Jiki yana ɗaukar kwana goma zuwa 14 kafin ya saba da gudu a zafi, saboda haka ka zaɓi sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, ka kuma yarda cewa saurinka zai ragu. Ruɗewa, ko tangaɗi, ko maganar da ba ta kan hanya a lokacin gudu a zafi lamari ne na gaggawa, a sanyaya mutum da ruwa nan take a kai shi asibiti. Gudun da bai kai awa ɗaya ba, ruwa zalla gwargwadon ƙishirwa ya wadatar. Yawan shan ruwa ma yana da haɗarinsa: a gasar kilomita 42 ta birnin Boston na Amurka ta 2002 an gwada jinin masu gudu 488 bayan sun gama, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne masu tafiya a hankali da suka yi ta ɗirkar ruwa har nauyinsu ya ƙaru a hanya.

Idan rage ƙiba tana cikin burinka, ka san lissafin tun yanzu don kada ka karaya. Gudu yana ƙona kimanin kalori ɗaya a kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita, wato mai kilo 85 da ya yi kilomita biyar ya ƙona kusan 425, abin da cin abinci ɗaya mai nauyi zai mayar. Gudu zai gyara maka zuciya da hawan jini da suga da barci tun kafin sikeli ya motsa. Kada kuma ka haɗa ƙarin gudu da matse ciki mai tsanani, domin ƙashin da ba ya samun isasshen abinci shi ne yake tsagewa. Ga mata masu karanta wannan, ƙarancin jini yana yawan zama dalilin gajiyar da ba ta da bayani, kuma bayan haihuwa ana ba da shawarar a jira aƙalla mako 12, a kuma tabbatar tsokokin ƙasan mara sun dawo, kafin a koma gudu.

Kilomita 21 da kake hange tana yiwuwa, kuma ni zan sa ta a kimanin shekara ɗaya daga ranar da ka fara. Idan ka kai ga minti 30 a jere, ka zauna a nan wata ɗaya ko biyu kana yi sau uku a mako, domin a wannan lokacin ne ƙashi da jijiya suke cim ma zuciya. Daga nan ka ware rana ɗaya a mako ta zama ta dogon gudu, kana ƙara mata minti biyar zuwa goma, sauran ranakun biyu suna nan yadda suke. Da haka za ka iske kilomita goma a wajen wata na shida zuwa na takwas. Shirin kilomita 21 kansa yakan ɗauki mako 12 zuwa 16, dogon gudun mako yana hawa har kilomita 16 zuwa 18, sannan a sassauta a makonni biyu na ƙarshe. Cikakken gudun famfalaki na kilomita 42.195, nisan da ya samo asali daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, wani al'amari ne daban, domin sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare a wajen kilomita 30, kuma ba na ba mai shekarar farko shawarar ya tunkare shi. Kafin babbar gasa ka shiga ƙananan taruka na kilomita biyar, irin parkrun da aka fara a Landan a 2004 ya kuma yaɗu zuwa ƙasashe da dama, don ka koyi riƙe kanka a cikin jama'a. Kuskuren ranar gasa kusan kullum a kilomita biyu na farko ake yin sa, lokacin da taro ya kwashi mutum da saurin da bai taɓa yi a atisaye ba.

Aiki da tafiye-tafiye da rashin lafiya za su katse maka tsari, wannan babu makawa. Rashin mako ɗaya ba ya rage komai, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Idan ya kai mako biyu zuwa uku, ka koma baya da mako biyu a tsarin, idan kuma ya wuce wata ɗaya ka faro da rabin abin da kake yi, kada ka taɓa ƙoƙarin rama ranakun da suka wuce ta hanyar cusa su a mako guda. Mura mai sauƙi da ta tsaya a hanci ba ta hana sassarfa kaɗan. Zazzaɓi kuwa, ko ciwon jiki gaba ɗaya, ko tarin da ya sauka ƙirji, suna hana gudu ɗungurungum, domin wasu ƙwayoyin cuta suna iya kumbura tsokar zuciya, kuma gudu a wannan hali yana da haɗari. Ka jira zazzaɓin ya tafi ba tare da taimakon magani ba, ka ƙara 'yan kwanaki a kai, sannan fitarka ta farko ta zama tafiya da sassarfa ta minti 15 zuwa 20.